Kujerar wanka a motar-gida: mu dai ra'ayinmu a bar ta



Maganar yau za ta iya ba wasu dariya, domin mu da muke fama da cunkoson Legas, ina mu ina motar da ake kwana a ciki har a yi wanka? To amma maganar ta zo mana ne ta bakin ɗaya daga cikin dattawanmu da ya je Amurka wajen ɗansa ya yi wata uku, kuma tun ranar da ya ba da labarin a majalisa bayan la'asar gardama ba ta kwanta ba.

Ga wanda bai san ta ba, motar-gida babbar mota ce da aka ƙera da gado da kicin da banɗaki a cikinta. Amurkawa da Turawa na yawon hutu da ita, wasu tsofaffinsu ma a ciki suke zama dungurungum. Yankin Elkhart a jihar Indiana shi ne cibiyar ƙera irinta a Amurka. Ɗan dattijon namu ya sayi ɗaya ta hannu don ya zaga da iyayensa su ga ƙasa, Allah Ya yi masa albarka. Banɗakin motar ɗan ƙarami ne, idan ka miƙa hannu biyu ka taɓa bango da bango, kuma a kusurwar wurin shawa akwai wani ɗan dakali na roba da aka yi don zama. Yaron dogo ne, kullum gwiwarsa na bugun dakalin nan, sai ya yanke shawarar a cire shi wuri ya buɗe. Ya tambayi mahaifinsa, "Baba, ko a cire kujerar nan?" Dattijo ya ce, "Motarka ce, yi yadda ka ga ya dace."

A nan gizo ke saƙar. Dattijon nan da bakinsa ya faɗa mana cewa duk wankan da ya yi a motar a zaune ya yi shi, kuma a kan wannan dakali yake zama ya wanke ƙafa idan zai yi alwala, domin gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina yarda ya tsaya da ƙafa ɗaya. Amma ya kasa faɗa wa ɗansa. Mun san halinmu. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fatauci tsakanin Kano da Ikko ba zai buɗe baki ya ce wa ɗan cikinsa ba ya iya tsayuwa a banɗaki ba. Uwa kuwa ko kusa, maganar wankanta ba ta shiga tsakaninta da ɗanta namiji. Saboda haka wanda ke riƙe da zarto mai ƙarfi ne, wanda ke buƙatar kujerar kuma kunya ta rufe masa baki. Wannan kaɗai ya ishe mu mu ce a bar ta.

Masu cewa a cire suna da hujjarsu, ba za mu danne ta ba. Wurin ya yi ƙunci, kujerar ta cinye wani sashe mai yawa, mai jiki ko dogo yana shan wahalar juyawa, kuma datti da sabulu na taruwa a gindinta. Duk gaskiya ne. Sai dai a duba abin da za a samu da abin da za a rasa.

A yawancin motocin nan dakalin ba ɗora shi aka yi ba, tare aka zuba shi da bangon shawar da ƙasanta, roba ɗaya ce. Sau da yawa kuma akwai abin da yake rufewa: bututun ruwa, ko wayoyin lantarki, ko kumburin da ke saman tayar baya. Ka yanke shi da fatan samun fili, ka tarar da bututu yana kallonka. Sannan ka buɗe wa ruwa hanya. Ƙasan motar katako ne, kuma mota ba gini ba ce, kullum tana girgiza a kan titi, duk facin da aka yi da gam sai ya buɗe wata rana. Ruwa zai riƙa tsiyaya a ɓoye, ba za a sani ba sai katako ya ruɓe ƙasa ta fara lotsawa. Ranar da za a sayar da motar kuma, mai saye yana ganin faci a banɗaki zai rage kuɗi.

Akwai kuma yadda ake wankan kansa. Ruwan motar a tanki yake, kuma hitar da ke cikin da yawa daga motocin galan 6 take ɗauka, kusan lita 23, ba ta cika jarkar lita 25 ba. Don haka ba a sakin ruwa ya yi ta zuba. Jiƙa jiki ake yi a rufe famfo, a shafa sabulu, sannan a buɗe a ɗauraye, kusan irin wankanmu na bokiti. Wato akwai lokacin da mutum ke tsaye a kan roba mai santsi, kumfa a ƙafa, kumfa a ido. Ga motar ba kullum ake samun wuri miƙaƙƙe a ajiye ta ba, kuma idan wani ya taka da ƙarfi a ciki tana ɗan rangaji. Ƙara da ruwan zafi a wuri rufaffe, wanda ke sa wasu jiri, musamman masu shan maganin hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na mace-macen a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suke faruwa. Kowa a cikinmu ya san wani tsoho da ya zame ya karya ƙugu, daga nan bai sake zuwa masallaci da ƙafarsa ba.

Wuri ɗaya muka yarda a cire: idan kujerar ɗaurawa aka yi da ƙusa daga baya kuma tana motsi. Bangon motar-gida siriri ne, ƙusar da ba ta kama ƙarfen jikin motar ba ba za ta ɗauki nauyin babban mutum ba, kuma kujerar da za ta ɓalle da mutum ta fi rashin kujera haɗari. Irin wannan a cire ta, a toshe ramukan da kyau, a sa mai naɗewa da aka kafa daidai, ko mai ƙafafu huɗu masu roba a ƙasa wadda za a fitar idan an gama. Ƙa'idar gine-gine ta Amurka don masu buƙata ta musamman ta ce tsayin kujerar wanka ya kasance inci 17 zuwa 19, wato santimita 43 zuwa 48, kuma ta iya ɗaukar nauyin kusan kilo 113. Ma'auni ne mai kyau ko a ina.

Mun ce ko a ina, domin da dattijon ya gama labari sai wani ya ce, to mu nan fa? Gidajen hayar da yawancinmu ke ciki a Agege da Idi-Araba banɗaki ɗaya ne na mutum goma ko fiye, ƙasa ta yi gansakuka. Waɗanda Allah Ya hore wa suka yi gini kuma sun shimfiɗa tayil mai sheƙi, suka fasa tsohon dakalin siminti wai ya ɓata tsari. Kujera 'yar tsugunno da ake miƙa wa tsoho ta yi ƙasa da yawa, zama da sauƙi, tashi ne aiki. Ta roba ta kasuwa kuma ƙafarta na buɗewa a kan santsi. A wurin alwala na masallatai mun daɗe da gane amfanin dakali, babu wanda ya taɓa cewa a fasa su don matasa ba sa buƙata. Magini zai yi irinsa a banɗaki da bulo kaɗan da siminti, a kafa ƙarfen riƙewa a gefe. Kuma kada a tsaya tambayar Baba ko Inna ko suna so, amsar da za su bayar mun riga mun ji ta.

Kujerar motar can dai tana nan ba a cire ba, amma ba don an fahimci juna ba. Mai gyara ne ya faɗi kuɗin aikin, yaron ya ga ya yi yawa ya ce sai wani lokaci. Har yau dattijon bai faɗa masa komai ba. Da muka ce masa za mu rubuta maganar a wannan shafi, sai ya yi shiru, can ya ce mu rubuta, yaron yana karanta shafin, amma kada mu kuskura mu sa sunansa.