Ba Ƙunshin Hoce Kaɗai Ke Sa Ɗalibi Ya Ji Yana Gida Ba



Ni dai iyakata difloma, a nan Abdu Gusau Polytechnic ta Mafara na yi ta, ban taɓa hawa jirgi don karatu ba. Amma ƙanena yana Alƙahira shekara 3 ke nan. Duk wanda za shi can sai Inna ta ɗora masa ƙunshi: hoce, busasshen sure, daddawa da kuka.

Ya ce ranar da ƙunshin ya isa, yaran Mafara da Bakura da Maradun ɗaki ɗaya suke cika, a tuƙa tuwo, a yi ta zolayar juna. Ba mai tambayar uban wa ke bin Yarima, na wa ke bin Yari ko Matawalle. Mu nan ne muke da wannan lokacin.

Da na ɗauka abin da ke mayar da baƙon wuri gida ke nan. Sai ya ce mani a'a, Yaya, tuwon dare ɗaya ne. Ranar da yake barci har da minshari ita ce ranar da kuɗi suka shigo kafin mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma iƙamarsa tana da rai, ya ga ɗan sanda bai canza hanya ba.

Wallahi sai na tuno yaranmu na Arewacin Saifurus. Gwamnatin jiha ta tura su a 2020, a 2024 muka ji kukansu: bashin makaranta ya taru, takardun zama sun mutu, wasu sun koma leburanci don su ci. Wurin nan Turkiyya kaɗai ta yarda ƙasa ce, babu ofishin jakadancin Najeriya da yaro zai ruga. Ga dala da ke wajen naira 460 farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mu kuma me munka yi? Muka raba layi a Facebook, waɗannan na cewa laifin wanda ya tura su ne, waɗancan na cewa na wanda ya gaje su. Har da ni an yi, ba zan ɓoye ba. Yaron da aka rufe wa ɗaki, wace riba ya ci da gardamarmu? Ko buhun hoce ka aika masa, a marayan ɗaki zai ci shi.

Shi ya sa nake roƙon 'yan majalisarmu na jiha, na kowane ɓangare, su yi doka: duk gwamnatin da za ta fitar da ɗalibi waje ta ajiye kuɗin karatunsa na duk shekarun a asusu daban tun kafin jirgi ya tashi, yadda sauyin gwamna ba zai taɓa shi ba. A kuma sa jami'i ɗaya da iyaye suka san lambarsa, wanda in an kira zai ɗauka.

Shugabannin matasa na mazaɓu, kowa ya rubuto mana yara nawa ke waje daga mazaɓarsa da ƙasar da suke, kafin taronmu na gaba.