Kuskuren Naka Ne, Kuɗin Motar Ma Naka Ne

Ɗan kasuwar da ya aiko wa mutum abin da ba shi ya saya ba, sannan ya ce sai mai saye ya biya kuɗin motar mayar da kayan, zalunci yake yi da sunan ciniki. Da ku nake, masu shaguna a Kantin Kwari da Farm Centre a Kano, da na Babbar Kasuwar Sakkwato, da ku Hajiyoyi masu tallar atamfa da leshi a WhatsApp da TikTok daga cikin ɗaki. Akwai masu amana a cikinku, kuma sun san kansu. Amma wannan ɗabi'a ta yaɗu har ana yi mata kallon ƙa'idar kasuwa, kuma mutanen Sabon Birni da Isa na cikin waɗanda ta fi cuta.

Uwa ce a Gatawa ko Turba take haɗa kayan auren 'yarta. Ta ga hoton turmi a sitatus, ta taya, aka daidaita, aka turo lambar asusu. Ta aiki yaro wurin mai POS ya tura kuɗin kaya haɗe da kuɗin mota, domin ba a ɗaure kaya sai an ga alat. Bayan kwanaki direba ya kira daga tasha. Aka karɓo ƙunshi cikin buhu, an naɗe shi da salatif, an rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe. Da aka yage a tsakar gida, sai ga launin da bai haɗa hanya da na hoto ba, hatimin bakin zanen daban, aka tsoma gefe a ruwa ya fara zuba. Ta kira mai kaya. Amsar ba ta wuce uku: “Hajiya, hasken kyamara ne.” Ko: “Mu kaya in sun fita sun fita.” In an taki sa'a kuwa: “To ki aiko da su, amma kuɗin mota naki ne.”

Ta ukun nan ita ce ta fi ban haushi, don mai faɗinta gani yake alfarma ya yi. Mu ƙaddara kayan na naira 30,000 ne, kuɗin kawowa 3,000. Mayarwa wata 3,000 ce. In canji za a yi, sake kawowa wata 3,000. Matar ta biya mota sau uku a kan kuskuren da ba ta da hannu a ciki, mai shago kuwa ko sisi bai rasa ba. To mene ne zai sa gobe ya tsaya ya duba abin da yaron shagonsa ya cusa a buhu? Muddin asarar kuskure tana kan wanda bai yi kuskuren ba, sakaci ba zai taɓa ƙarewa ba.

Kuɗin mota a ƙasar Gobir kuma ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin sufuri ya tashi a ko'ina, amma nan akwai ƙarin abin da direba ke sakawa a lissafi, wato ransa. A watan Disamban 2021 'yan bindiga suka ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa da ke wannan yanki. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tsoron hanya na cikin abin da ya sa mutane suka koma sayayya ta waya. Alhaji mai shago ya san haka sarai. Ya san matar nan ba za ta hau mota ta zo ta tsaya masa a ƙofar shago ba, shi ya sa yake da ƙarfin halin kashe waya ko toshe lambarta. Wanda ya mayar da bala'in da ya sami 'yan'uwansa abin fakewa don ya riƙe musu haƙƙi, ya ji kunya.

Dokar ƙasa ba ta goyon bayansa. A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 ya ba mai saye damar mayar da kayan da bai sami zarafin dubawa ba kafin a kawo masa, ya karɓi cikakken kuɗinsa, in kayan sun saɓa da siffar da aka ba shi ko samfurin da aka nuna masa. Sashe na 132 ya ƙara da cewa kayan da ke da lahani ana iya mayar da su cikin wata uku, ba tare da biyan tara ba, kuma hatsari da kuɗin mayarwar duk a wuyan mai sayarwa suke. Takardar “ba a mayar da kuɗi” da ake mannawa a bango ba ta soke wannan. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta ce irin wannan sharaɗi ya saɓa wa doka, ta umarci kamfanin sufuri na Peace Mass Transit ya biya wani fasinja naira 500,000 a kan tikitin naira 500 da ya ƙi mayar masa da kuɗinsa.

In ka ce wannan dokar 'yan boko ce, koma zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantarwa a makarantun ilimi daga Sakkwato har Maraɗi, ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye, bisa siffantawa. Malaman Malikiyya sun yarda har da sayar da dilar tufafi a ɗaure, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne kaya su zo kamar yadda aka siffanta. In sun saɓa, mai saye yana da zaɓin fasa ciniki, kamar yadda yake da zaɓin mayarwa in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Hoton da ka ɗora a sitatus shi ne siffarka, muryar da ka tura kana rantsuwa cewa “orijina ce” ita ce alkawarinka. Kai da ke sahun gaba a masallacin kasuwa, ta wace fuska kuɗin motar matar nan ya zama halal a gare ka?

Masu saye ma su ji tasu. In kaya sun zo daidai, ke ce kika canza ra'ayi don kin ga wani ya fi kyau a jikin ƙawarki, karɓar da mai kaya zai yi alfarma ce, kuma kuɗin mota naki ne. Ko a Birtaniya, inda dokar 2013 ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya fasa ba tare da ya kawo dalili ba, galibi shi ke biyan kuɗin mayarwa in ba laifin kayan ba ne. Wadda kuwa ta ɗinka, ta ci biki, sannan ta ce zanen bai yi ba, ba ta da bakin magana.

Sai dai babban laifinmu shi ne saurin cewa “na bar shi da Allah.” Barin wa Allah bai hana neman haƙƙi ba, kuma shirunka shi ke ba macuci damar cutar na bayanka. Kafin ka tura kuɗi, tambaya a rubuce: in kaya sun saɓa, wa zai biya mota? Ajiye hoton tallar da rasidin POS, ka ɗauki bidiyo tun daga yanke salatif. In aka ƙi sauraronka, akwai shugabannin kasuwar da shagon yake, akwai hukumar kare masu saye ta Jihar Kano, akwai FCCPC da ke karɓar ƙorafi ta intanet, akwai kotu.

Ku kuma shugabannin kasuwanni, ku zauna ku yanke magana ɗaya, ku sanar da kowane shago: wanda ya yi kuskure shi zai biya mota, zuwa da dawowa. Ɗan kasuwar da ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ba, ya daina karɓar kuɗin mutanen da ba su ga kayansa da idonsu ba.