In Jahilci Bai Ceci Talaka Ba, Kada Ya Ceci Ɗan Sanda

Jama'a, akwai wata magana wadda duk wanda ya taɓa zama a kotu ya ji ta daga bakin alƙali, watau rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Mutum ya rantse har ya gaji cewa bai san an hana abu kaza ba, alƙali ba zai sake shi don wannan ba. Mun yarda haka ya kamata, gama in an buɗe wannan ƙofa kowane mai laifi sai ya ce bai sani ba. To, amma in ɗan sanda ne bai san dokar ba fa? In ya tsare ka bisa laifin da babu shi cikin littafin doka, ya bincike kayanka, ya kai abin da ya samu gaban shari'a, a karɓa ko a ƙi? Ni dai na ce a ƙi, ga kuwa dalilina.

Cikin shekarar 1791 mutanen Amurka suka yi wa tsarin mulkinsu gyara na huɗu, wanda ya hana hukuma ta bincike mutum, ko gidansa, ko takardunsa, ba bisa dalili ba. Amma hani wanda ba shi da horo kamar kare ne marar haƙora. Saboda haka cikin 1914 Kotun Ƙolinsu ta ce duk shaidar da ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samo ta hanyar haramtaccen bincike, kada a karɓe ta. Cikin 1961 aka ɗora wa jihohi duka wannan ƙa'ida, a shari'ar wata mata mai suna Dollree Mapp, ta garin Cleveland. 'Yan sanda sun fasa mata ƙofa, suka ɗaga wata takarda suka ce izinin bincike ce, amma da aka je gaban shari'a ba su iya kawo takardar ba.

Ana nan sai cikin 2009, a jihar Karolina ta Arewa, wani saje ya ga wata mota ta taka birki, fitila ɗaya ta kama, ɗaya ba ta kama ba. Ya tsai da motar. Ya nemi izinin bincike, mai motar, wani Nicholas Heien, ya ba shi, sai ga hodar iblis cikin jaka. Da magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara ta jihar aka buɗe littafin doka, ashe fitilar birki ɗaya tak doka ta wajabta. Watau sa'ad da saje ya tsai da motar nan ba laifin da aka yi. Duk da haka, cikin watan Disamba na 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsayarwar ta halatta. Alƙalai takwas suka tafi a kan haka, Mai Shari'a Sonia Sotomayor kaɗai ta ƙi. Hujjar Babban Joji John Roberts ita ce, ɗan sanda ɗan Adam ne, in dokar na da ruɗani, kuskurensa kuma irin wanda mai hankali zai iya yi ne, to ba a ce ya keta tsarin mulki ba.

Ku duba fa. Manomi da direba da mai tireda, ba wanda aka kai makarantar horo aka koya masa doka, ba wanda ake biya albashi don ya san ta, amma an ce lalle su sani. Ɗan sanda kuwa an horar da shi, an ba shi kaki da sanda da albashi daga harajin talakawa, don wannan aiki kaɗai. Yaya za a yi wa mai sana'a rangwamen da aka hana wa wanda ba sana'arsa ba ce? In dokar ce ke da ruɗani, ai ba talaka ne ya rubuta ta ba. Gwamnati ta rubuta, ita ya kamata ta ɗauki hasarar ruɗanin, ta koma ta gyara rubutunta. Ban da wannan kuma, in kuskure yana jawo riba, wa zai wahal da kansa da karatu? Ɗan sandan da ya san fitila ɗaya ta isa zai bar motar ta wuce, wanda bai sani ba shi ne zai sami yabo.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, “Malam, ai hodar nan ta gaske ce, yanzu sai a saki mai laifi don ɗan sanda ya yi tuntuɓe?” Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Amma a tuna, binciken da aka samu wani abu shi kaɗai ke kaiwa gaban alƙali. Waɗanda aka tsayar a banza, aka zazzage musu kaya a bakin hanya a gaban 'ya'yansu ba a sami kome ba, su ba su da shari'a, sai su kwashe kayansu su tafi da takaici. Ba abin da ke kāre waɗannan bayin Allah sai ɗan sanda ya sani tun farko cewa in ya karya ƙa'ida wahalarsa ta tafi banza. Batun kuwa wai mai motar shi ya ba da izini, kowa ya san mutum nawa ne ke iya ce wa mai bindiga a'a a kan hanya.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne, gama ƙa'idar da ta iso mana ta fi ta Amurka sassauci ga hukuma. A ƙasar Kenya, zamanin yaƙin Mau Mau, tsakiyar shekarun 1950, 'yan sanda biyu suka tsare wani mutum mai suna Kuruma a shingen hanya, suka ce sun sami harsashi biyu a jikinsa, shi kuwa ya musa. Dokar lokacin ta ce sai mai muƙamin mataimakin sufeto ko sama ke da ikon irin wannan bincike, su kuwa ba su kai ba. Aka yanke masa hukuncin kisa. Ya ɗaukaka ƙara har Landan, manyan alƙalan Ingila suka ce muddin shaida ta shafi maganar da ake yi, kotu ba ruwanta da yadda aka samo ta. Cikin 1968 Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi wannan sawu.

An ɗan sami gyara cikin 2011. Sabuwar Dokar Shaida, sashe na 14 da na 15, ta ce shaidar da aka samo ta hanyar karya doka ana karɓarta, sai fa in alƙali ya auna ya ga ɓarnar karɓar ta fi amfanin. An umurce shi ya duba girman saɓon da aka yi, da ko da gangan ne ko da ganganci. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 kuma ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. To, ma'auni yana hannun alƙalanmu. Roƙona gare su, in ɗan sanda ya zo ya ce bai san doka ba, su ba shi amsar da suke ba talaka.

Ku kuwa da Allah ya buɗe wa ido da karatu, ga ranar amfaninsa. In an zo bincike gidanka, kada ka yi faɗa, kada ka yi zagi. Tambaya cikin ladabi ko akwai takardar izini. In an miƙo, karanta ta da kanka, ka ga sunan wa ke ciki, wane gida, kuma wa ya sa hannu. Rubuta rana da lokaci da abin da aka ɗauka, ka sa maƙwabta su shaida. In magana ta kai kotu, gaya wa lauyanka ko alƙali yadda aka yi daki-daki, gama alƙali ba ya auna abin da ba a ɗora masa a kan ma'auni ba.