Ba Yawan Megafiksel Ke Gyara Hoto Ba

A shagunan waya na unguwar Nasarawa da maƙwabciyarta Kakuri, tambayar mai saye ɗaya ce: megafiksel nawa? Idan aka ce masa 108, sai ya biya, a ƙara manna masa ɗan gilashin kariya a kan idon kyamarar. Ranar biki kuma, da amarya ta tsaya fitilar zaure na bayanta, sai hoton ya fito da hazo da wasu korayen ɗigo a gefen fuskarta. A nan ne ake zargin waya ko mai hoto, alhali laifin na wannan cinikin ne.

Duk inda haske ya ratsa daga iska zuwa gilashin da ba a shafe ba, kusan kashi 4 cikin ɗari nasa na komawa baya. Idon kyamara mai gilasai 6 yana da fuskoki 12, don haka kusan kashi 39 na hasken zai kauce wa hanyarsa. Wani ɓangarensa yakan yi ta kai-komo tsakanin fuskokin har ya faɗa inda hoto ke haɗuwa, ya dusashe baƙi, ya kashe launi. Fuskoki 12 suna ba shi hanyoyi 66 na komawa sau biyu.

Wannan matsala ce ta sa Paul Rudolph ya taƙaita Tessar ɗinsa na 1902 ga gilasai 4. Sai a 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samar da shafe mai kaurin rubu'in tsawon zangon haske, wanda ke sa hasken da ya komo daga samansa da na ƙasansa su kashe juna. Shafe mai hawa-hawa, irin wanda Pentax ya yaɗa daga 1971, yana rage asarar zuwa ƙasa da rabin kashi ɗaya a kowace fuska.

To, gilashin arha da ake mannawa, wanda sau da yawa ba shi da wannan shafe, yana mayar da fuskoki 12 zuwa 14, hanyoyi 66 zuwa 91, kuma sababbin ne mafi ƙarfi. Megafiksel ba sa maganin haka. Iyakarsu su adana hazon dalla-dalla.

Masu sayarwa suna da hujja: ƙurar hunturu a Kaduna ba wasa ba ce, canza idon da ya fashe kuma akwai tsada. Gaskiya ne. Sai dai murfin waya mai tudun baki yana kare ido daga faɗuwa ba tare da ya tsaya a hanyar haske ba. Abin da ya fi cutar da ido ma shi ne goge shi da bakin riga yana da ƙura, domin a ƙurar akwai yashin da ke karce gilashi.

Saboda haka mai saye ya bar lissafin kwali, ya juya wayar ga fitilar shago ya ɗauki hoto kafin ya biya. Mai hoto kuma ya hure ƙura kafin ya goge da ƙyalle mai laushi, ya sa wa babbar kyamararsa hular ido, ya tare hasken gefe da tafinsa idan waya ce. Ɗaurin aure ba a maimaita shi don hoto ya lalace.