Zafin Teku Bai Yi Wa Tambuwal Nisa Ba

Kusan rabin iskar shaƙa da tsirrai ke samarwa a duniya daga ƙananan tsirran teku take fitowa, waɗanda ido ba ya gani. Idan ruwa ya ɗumama fiye da kima, aikinsu na sarrafa hasken rana yakan raunana, kuma abincinsu da ke ƙarƙashi ba ya tasowa. A 2024 tekuna sun yi zafin da ba a taɓa auna irinsa ba. Kifin ƙanƙarar da ake saye a Tambuwal da Kebbe, tushen abincinsa waɗannan tsirrai ne, kuma tafkunanmu ma irinsu ke ciyar da kifayensu. Don haka wajibi ne gwamnatin Sakkwato ta riƙa auna zafin ruwayenmu, ta kare itatuwan bakin gulbi, tun kafin masunta su rataye komarsu.