Wa Ya Ci Ribar Rushe Tashar Fensilbaniya?

Akwai wata magana da attajiran Amurka da lauyoyinsu suka riƙe kamar laya, ba sa fito da ita sai ran da suka ƙudura rushe wani tsohon gini mai daraja. Cewa suke yi ginin ba ya ci da kansa, watau abin da ake kashewa wajen shara da gyara da haraji ya fi abin da yake kawowa. Da zarar an faɗi haka, sai hukuma ta yi shiru, 'yan gari su sunkuyar da kai, kamar an kawo hujjar da ba ta da amsa. To, ni na ce tana da amsa. Lissafi ne na mutum guda, wanda ya ƙidaya abin da ke aljihunsa, ya bar abin da ke hannun jama'a bai ƙidaya ba. Kuma babu inda wannan lissafi ya tona asirin kansa kamar a tashar jirgin ƙasa ta Fensilbaniya, a birnin Niyok.

Bari mu fara da sanin abin da aka rushe. Kafin shekarar 1910, jiragen kamfanin Fensilbaniya ba su shiga tsakiyar Niyok, domin kogin Hudson ya raba su da tsibirin Manhatan. Fasinja yakan sauka a wancan ƙetaren, ya ɗauki kayansa ya hau jirgin fito. Shugaban kamfanin, Alexander Cassatt, shi ya sa aka haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin kogin, aka kuma ba masu zanen gini McKim da Mead da White aikin tashar da za ta karɓi jiragen. Suka fitar da gini mai cin fili wajen eka 8, aka kewaye shi da ginshiƙai 84 na dutse jaja-jaja. Babban zauren jira an kwaikwayo shi ne daga gidan wanka na Sarki Karakalla da ke tsohon birnin Rum, da rufi irin na ɗaurin guga wanda tsayinsa ya kusa ƙafa 150. Gaba da shi akwai farfajiyar hawa jirgi, wadda aka rufe da ƙarfe da gilashi, har rana takan sauko ta haska dandamalin da jiragen ke tsayawa. Bisa ƙofofi aka ɗora mikiya 22 da aka sassaƙa da dutse. Cassatt ya rasu a 1906, McKim a 1909, ba wanda ya ga buɗewarta a cikinsu.

Abin lura a nan shi ne, ba fadar sarki ba ce, ba kuma gidan wani mai kuɗi ba ne da ke da dogari a ƙofa. Lebura da malamin makaranta da baƙon da ya sauka jiya, duk ta ƙofa ɗaya suke shiga da mai banki, rufi ɗaya ke bisa kansu. A 1945, shekarar da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, fasinja fiye da miliyan 100 suka bi ta cikinta. Da yawa daga cikin samarin da suka tafi yaƙin, a zauren nan iyayensu suka yi musu ganin ƙarshe.

Sai mu ba kamfanin haƙƙinsa, domin ba ƙarya ya yi ba da ya ce yana hasara. Bayan yaƙi mutanen Amurka sun koma wa mota. A 1956 gwamnatin tarayya ta yi dokar shimfiɗa manyan hanyoyi daga wannan bakin teku zuwa wancan da kuɗin hukuma, a 1958 kuma manyan jiragen sama masu gudun tsiya suka fara jigila. Kamfanin jirgin ƙasa kuwa shi ke gyara hanyarsa da kuɗinsa, ya kuma biya haraji a kanta. Duk wannan gaskiya ne. Amma ku dubi abin da ya yi da tashar a shekarun. Ya rage wanke ta, har dutsen nan ja ya koma baƙi ƙirin da ƙura da hayaƙi. Ya cusa rumfunan 'yan kasuwa da allunan talla a inda aka bari sarari don numfashi. Wajen 1957 ya kafa wata rumfar sayar da tikiti ta ƙarfe a cikin babban zauren, ta tare hanya, ta ɓata tsarin wurin. Da tashar ta yi muni, sai munin ya zama hujja: ga shi kowa na gani, ta tsufa, ta yi dauɗa, me za a yi da ita? Wanda ya hana ta sabulu shi ne kuma ya fito yana shaida cewa ƙazama ce. Hannunka dai ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle in kai ka ƙi wanke shi har ya ruɓe.

Hujjarsu ta biyu ita ce ta mallaka: kayansu ne, su suka gina da kuɗinsu, wa zai hana mai kaya ya yi yadda ya so da kayansa? Nan ma lissafin bai cika ba. Kafin a aza tubalin farko, an rushe gine-gine kimanin 500 a unguwar talakawa, dubban mutane suka kwashe komatsansu, cikinsu har da baƙaƙen fata masu yawa. An toshe wani yanki na titi na 32, aka haɗe shi cikin filin tashar. An yarda da wannan duka domin an ce aikin na amfanin jama'a ne. To, in da sunan jama'a aka tashi mutane daga gidajensu a farkon ƙarni, yaya bayan shekara 50 za a ce jama'a ba su da ta cewa? Ran karɓa an kira su, ran sayarwa an manta da su.

Cinikin da aka yi shi ne wannan. Kamfanin ya sayar da iznin yin gini a sararin da ke bisa hanyoyin jirginsa. A maimakon haka aka yi masa alkawarin ƙaramar tasha a ƙarƙashin ƙasa, da kashi 25 cikin 100 na sabon filin wasa da za a ɗora a kai, watau Madison Square Garden. A ranar 2 ga Agusta 1962 wasu masu zanen gini da magoya bayansu, 'yan ɗaruruwa kawai, suka fito da alluna a hannu suna zagaye ƙofar tashar, cikinsu har da Philip Johnson da Jane Jacobs. Birni mai mutum kusan miliyan 8, iyakar waɗanda suka fito ke nan. Kuma ko da duk garin ya fito, a lokacin babu dokar da ta ba hukuma ikon hana mai gini rushe gininsa saboda darajarsa. Ranar 28 ga Oktoba 1963 aka fara rushewa. Sai da aka shekara uku ana fama, domin magina sun yi aikin ne don ya daɗe, jirage kuwa na ta shige da fice a ƙasa ba su fasa ba ko yini guda. Aka kwashi ginshiƙan nan da sassaƙen nan aka kai wata fadama a jihar Niw Jasi aka zubar a juji. Wasu daga cikin mikiyoyin ne suka tsira, aka rarraba su wurare dabam dabam, huɗu suna kan wata gada a Filadelfiya.

Yanzu sai a tambaya, ina ribar? A 1968 kamfanin Fensilbaniya ya haɗe da abokin gabarsa na da, kamfanin New York Central, suka zama Penn Central. A 1970 Penn Central ya karye, karayar da ba a taɓa ganin mai girmanta ba a Amurka kafin wannan lokaci. Watau shekara huɗu kacal bayan an kwashe dutse na ƙarshe, kamfanin da aka ce rushewar za ta cece shi ya faɗi warwas. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare. Fasinja kuwa, waɗanda aka ce sun ƙare, ba su ƙare ba. A 2019 fiye da mutum 600,000 ke bi ta tashar a kowace ranar aiki, suna cunkushe cikin lunguna masu gajeren rufi, ba taga, ba hasken rana, a ƙarƙashin filin dambe da ƙwallo. Wannan wahala ta kullum ba ta shiga littafin kamfani ba a 1962, domin ba kamfani zai sha ta ba.

Mai shakka ya dubi ɗaya tashar, Grand Central, wadda aka buɗe a 1913, ba ta kai mil guda daga ta farkon ba. Cuta ɗaya ta kama su, mai gida ma daga baya ya zama ɗaya. Bambancinsu doka ce. Ganin abin da ya faru ya sa a 1965 magajin garin Niyok, Robert Wagner, ya sa hannu a dokar kare gine-ginen tarihi, a 1966 gwamnatin tarayya ta yi tata, a 1967 aka sa Grand Central cikin waɗanda aka kare. Penn Central ya nemi ya ɗora mata bene mai hawa fiye da 50 a ka, hukuma ta hana, ya kai ƙara da hujjar nan tasa ta kullum. A 1975 Jacqueline Kennedy Onassis, matar marigayi Shugaba Kennedy, ta shiga cikin masu kare tashar, maganar ta cika jaridu. A 1978 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa birni bai ƙwace wa kamfanin komai ba: tasharsa na hannunsa, yana iya ci da ita kamar yadda ya saba, yana kuma iya mai da iznin ginin saman zuwa wasu filayensa na kusa. Aka gyara ta, aka wanke rufin nan mai zanen taurari, aka sake buɗe ta a 1998, ta cika da kantuna da gidajen abinci da masu zuwa kallo daga ƙasashen duniya. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Ginin da aka rantse ba ya ci da kansa, ga shi yana ci da wasu.

Ba kuma a Niyok aka fara wannan ba. A 1816 jihar Fensilbaniya ta yi shirin sayar da zauren da aka sa hannu a takardar 'yancin Amurka a 1776, a yanka filinsa a yi fuloti, sai birnin Filadelfiya ya saye shi a kan Dala 70,000. Gidan Shugaba Washinton na Mount Vernon ya lalace har ana tokare barandarsa da itatuwan jirgin ruwa, gwamnatin tarayya da ta jihar Bajiniya duk suka ƙi saye, sai wata mace, Ann Pamela Cunningham, ta tara mata, suka bi ƙasa suna neman gudummawa, suka ƙulla cinikinsa a 1858 a kan Dala 200,000. Da an bi lissafin riba da hasara na shekarar, da ba ɗayansu da zai kai yau.

Akwai masu wata hujja ta zamani, kuma ta fi ta kamfani nauyi, don haka ba zan tsallake ta ba. Suna cewa in aka ce kowane tsohon bango ba a taɓa shi, birni zai daskare, ba za a gina sababbin gidaje ba, kuɗin haya ya hau, talaka ya rasa wurin kwana. Akwai gaskiya a ciki. An sha ganin masu hali a wasu unguwanni suna fakewa da dokar tarihi don su hana a gina wa wasu gida kusa da su, wannan kuwa zalunci ne da ya kamata a kira shi da sunansa. Amma a Niyok gine-ginen da dokar ta kare ba su kai 5 cikin 100 na birnin ba, ko da yake a Manhatan sun fi haka yawa nesa. Kuma ina roƙon mai wannan hujja ya nuna mini ɗaki guda na talaka da aka samu daga rushe tashar Fensilbaniya. Filin wasa aka samu da benen ofisoshi. Haka benen Singer, wanda a 1908 ya fi kowane bene a duniya tsawo, aka rushe shi a 1968, doka na nan, aka kafa wani benen ofisoshin a gurbinsa. Ana ambaton talaka a wajen muhawara, amma in an tashi rabon fili ba a ganinsa.

Daga baya Niyok ta nemi ta sayi abin da ta zubar. Sanata Daniel Patrick Moynihan, wanda ya yi sana'ar goge takalma a birnin yana yaro, ya dage a mai da babban gidan waya da ke tsallaken titi ya zama zauren tasha, domin su McKim ɗin ne suka zana shi, kuma hanyoyin jirgin sun bi ta ƙarƙashinsa. Ya rasu a 2003 bai gani ba. Sai ranar 1 ga Janairu 2021 aka buɗe zauren da sunansa, bayan an kashe Dala miliyan 1,600, mafi yawa daga aljihun jama'a. Zaure ne mai kyau, da rufin gilashi, amma yawancin masu zuwa aiki kullum har yanzu ta tsofaffin lungunan suke bi. A 2013 majalisar birni ta ba Madison Square Garden iznin shekara 10 kawai, da nufin ya nemi wani wuri, a 2023 ta ƙara masa 5.

A daidai wannan lokaci kuma, daura da ƙofar tashar, akwai masaukin baƙi da ake kira Hotel Pennsylvania, wanda kamfanin jirgin ya gina, su McKim suka zana, aka buɗe a 1919 da ɗakuna 2,200, ba masaukin da ya kai shi girma a duniya a lokacin. An bar shi ya tsufa ba gyaran kirki, hukumar kare gine-gine ta ƙi sa shi cikin nata, masu shi suka ce za su kafa dogon benen ofisoshi a wurin. Aka gama rushe shi a 2023, alhali kuwa tun farkon shekarar sun sanar cewa sun jingine sababbin gine-gine saboda kasuwar ofisoshi ta faɗi.