Tsadar Gaskiya Da Tsadar Gangan

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata 'yar tsana ce. Na san wani zai yi dariya ya ce, duk abubuwan da suka dami mutanen Birnin Gwari, a rasa abin da za a yi magana a kansa sai 'yar tsana? To, a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, don kuwa ita ce ta buɗe mini ido na gane wani abu game da kasuwarmu wanda a da ban lura da shi ba.

A hutun Babbar Sallar 2025 'yar gwaggona ta zo mana ganin gida daga Kaduna. Rataye a jikin jakarta akwai wata 'yar aba mai gashi laushi, da dogayen kunnuwa kamar na zomo, da idanu ƙulu-ƙulu, ga haƙora tara masu tsini duk a waje. Da kakarmu ta gan ta sai ta ja da baya ta ce, "A'uzubillahi! Ke 'yar nan, wane irin dodo kika kwaso mana?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Haba Iya, ai Labubu ke nan, ita ake yayi. Wannan ma jabu ce. Ta ainihin, in ma an dace an samu, kuɗinta ya fi na buhun masara." Iya ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! Mu da kara da tsumma muka yi tamu 'yar tsanar, ko anini ba mu kashe ba."

Wannan magana ta buhun masara ta tsaya mini a rai, har na shiga bin diddigin al'amarin. Ga abin da na samo.

Wani mai zane ne, Kasing Lung, haifaffen Hong Kong wanda ya tashi a ƙasar Holan, ya ƙago Labubu a cikin littattafan hotuna a 2015. A 2019 wani kamfani na ƙasar Sin mai suna Pop Mart ya ƙulla yarjejeniya da shi, ya shiga ƙera ta yana sayarwa. Ta yi shekaru ba ta wani gagari kowa ba. Sai a 2024 aka ga wata shahararriyar mawaƙiya 'yar ƙasar Tailan, mai suna Lisa, da ita. Shi ke nan fa, sai 'yan mata da samari na ƙasashe da yawa suka ce su ma sai sun rataya.

Yadda ake sayar da ita shi ne abin lura. A cikin kwali take zuwa a liƙe, mai saye bai san launin da zai samu ba sai ya biya ya buɗe. Abin da Hausawa ke kira cinikin biri a sama ke nan. A cikin jerin da suka fi shahara, kowanne yana da launi 6, sa'an nan akwai ta bakwai, wadda suke kira ta sirri, ita kuwa a cikin kwali 72 ɗaya tak ke ɗauke da ita. To, mai karatu, tambayi kanka: ɗinkin ta sirrin ya fi na sauran wuya ne? Ko kusa. Ƙyalle ɗaya ne, zare ɗaya, masana'anta ɗaya. Wasu ne kawai suka zauna a ofis suka yanke cewa a yi ta kaɗan.

Da masu nema suka fi ƙarfin kayan da ake fitarwa, sai 'yan baranda suka shigo. Su ba ruwansu da 'yar tsana, riba suke so. Sukan kwana a layi, ko su yi hayar masu tsaya musu, ko su sa kwamfuta ta kwashe musu duk abin da aka sa a intanet kafin mutum ya ƙifta ido. Sa'an nan su koma gefe su tsawwala farashi. Kwalin da kamfani ke sayarwa yuwan 99, kuɗin ƙasar Sin, in ta sirri ce a ciki sai da ta kai ana sayar da ita fiye da ninki 20. A watan Mayu na 2025 sai da kamfanin ya dakatar da sayar da ita a kantunansa na Ingila saboda dambe da ake yi a kan layi. A watan Yuni kuma aka yi gwanjon wata babba, mai tsayin yaro, a birnin Beijin, wani ya saye ta yuwan miliyan 1 da dubu 80, watau wajen dala 150,000. Tirƙashi!

Amma fa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Kamfanin ya ga 'yan baranda na cin ribar da shi ya kamata ya ci, sai ya ƙara injuna da ma'aikata, har ya kai yana fitar da irin waɗannan 'yan tsana wajen miliyan 30 a wata. Kafin shekarar ta ƙare farashin bayan fage ya rikito. Wanda ya sayi kaya da tsada ya jibge a ɗaki yana jiran su ƙara tashi, sai ya wayi gari yana neman mai saye.

Ba yau aka fara ba kuwa. A Amurka, a 1993, wani ɗan kasuwa mai suna Ty Warner ya fito da wasu 'yan dabbobin ƙyalle da ake kira Beanie Babies, kowace dala 5. Dabararsa ita ce ya riƙa ba kowane kanti kaɗan, sa'an nan lokaci lokaci ya ba da sanarwa cewa an daina ƙera iri kaza. Da an ji haka sai a ruga a saye a ɓoye. Magidanta masu hankalinsu suka riƙa zuba kuɗi a ciki, wai da su za su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a. Har a 1999 aka ga wasu miji da mata da suka rabu sun tsuguna a gaban alƙali a birnin Las Vegas suna rabon 'yan tsanan nan ɗai-ɗai. Ba a daɗe da shiga shekarar 2000 ba kasuwar ta mutu, yawancinsu suka koma ba su kai ko kuɗin da aka saye su ba.

To, yanzu mu dawo gida. Mu mutanen Birnin Gwari ba wanda zai ba mu labarin ƙarancin kaya, a cikinsa muka tashi. Sai dai a ganina ƙaranci iri biyu ne, kuma tilas mu iya rarrabe su.

Na farko shi ne na gaskiya. A shekarun da 'yan bindiga suka yi kaka-gida a dajin Kamuku da na Kuyambana, hanyarmu ta zuwa Kaduna, wadda ta bi ta Udawa da Buruku, ta zama abin tsoro. An yi lokacin da motoci kan taru su jira rakiyar soja kafin su kama hanya. Manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa, waɗanda suka je kuwa sau da yawa sai sun biya 'yan daji kuɗi kafin su yi shuka ko girbi. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako a ƙaramar hukumarmu da wasu maƙwabtanta, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma datse layukan waya, duk don a matsa wa 'yan bindiga. A irin wannan hali, direban da ya sa ransa a hannu ya kawo gishiri da sabulu daga Kaduna, in ya ƙara kuɗin mota ban ga laifinsa ba. Tsadar gaskiya ke nan, maganinta kuma sananne ne: a samu zaman lafiya, hanya ta buɗe. Mun ga alamar haka a watan Nuwamba na 2024, sa'ad da Gwamna Uba Sani ya zo aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe, manyan motoci suka koma lodi.

Na biyu shi ne na gangan, watau wanda mutum ke ƙirƙirowa da hannunsa don ya ci riba. Wannan shi ne ɗan'uwan Labubu uwa ɗaya uba ɗaya. Wa bai taɓa zuwa gidan mai aka ce masa babu ba, alhali ga ɗan bumburutu nan a bakin titi da jarkoki cike? Daga ina ya samo? Ku tuna kuma da farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin kuɗi aka janye, sababbin kuma ba su wadata ba. Ƙarancin dai daga sama ya taso, amma waɗanda tsabar kuɗi ta faɗo hannunsu sai suka mai da ita haja. Mutum ya ba da naira 1,000 ko 2,000 kafin a miƙo masa 10,000 daga cikin kuɗinsa na kansa. Naira ta sayi naira! Haka nan masu biki kan biya ƙari don su sami sababbin takardu na liƙi, alhali sabuwar naira 500 da tsohuwa abu ɗaya suke saye a kasuwa. In mun yi wa mai sayen 'yar tsana dariya, sai mu rage wata mu yi wa kanmu.

Wanda ya fi ciwo shi ne na hatsi. Ƙasarmu ƙasar masara ce. Da kaka ƙaramin manomi yana da bashin taki a wuya, ga kuɗin makaranta, ga bukukuwa, tilas ya kai amfaninsa kasuwa da araha. Masu hannu da shuni su saye su kulle. Damina ta yi tsakiya, rumbunsa ya ƙare, sai ya dawo yana awon mudu na masarar da shi ya noma, da kuɗin da ya fi wanda aka ba shi nesa ba kusa ba. A watan Fabrairu na 2024, da tsadar abinci ta kai intaha, sai da hukumar karɓar koke-koke da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a kasuwar Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Amma ku ji yadda ta kaya. A tsakiyar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haraji a kan shigo da masara da alkama da wasu kayan abinci na ɗan wani lokaci, amfanin sabuwar damina kuma ya shigo, sai farashi ya sauko ƙwarai a 2025. Waɗanda suka saya da tsada suka ɓoye suka tafka hasara, daidai da 'yan barandan Labubu. Abin baƙin ciki, faɗuwar ta haɗa har da manomin da ya sayi taki da tsada, wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi.

Wani zai ce, to, ajiye hatsi laifi ne? A'a. Ba don rumbu ba da kakanninmu ba su tsallake shekarun fari ba, kuma duk mun san labarin Annabi Yusufu, alaihis salam, da tanadin da ya yi a Masar. Ɗan kasuwar da ya saya da kaka, ya biya kuɗin ɗaki da magani, ya fito da shi da bazara ya ci riba daidai wa daida, amfani ya yi wa jama'a. Abin da malamanmu suka hana, wanda suke kira ihtikari, shi ne a kwashe abinci daga kasuwa a kulle alhali mutane na cikin yunwa, da nufin farashi ya haura. Mai tanadi yana fito da kaya in an buƙace su. Mai ɓoyo kuwa lokacin ne yake ƙara wa ƙofa kwaɗo.

Akwai kuma bambanci guda tsakanin mai ɓoye 'yar tsana da mai ɓoye masara. Wanda aka tsawwala wa 'yar tsana yana iya juyawa ya tafi, ba abin da zai same shi. In ya tsaya ya biya, to, rabin laifin nasa ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala ne. Amma uwar da ke da yara biyar a gida ba ta da damar juyawa. Saboda haka na farko wauta ya samu ya yi amfani da ita, na biyu kuwa zalunci ya yi.

Shawarata gare mu ɗalibai ita ce, duk abin da aka ce mana ya yi wuya, mu yi maza mu saya kafin ya ƙare, mu dakata mu yi wa kanmu tambaya uku. Ta farko, me ya sa ya yi ƙaranci, kuma wa ke cin ribar ƙarancin? Ta biyu, akwai wanda zai iya cika kasuwa da shi gobe in ya ga dama? Zinariyar da ake haƙa a ƙasarmu ba mai iya ba masana'anta umurni ta ƙera ta, amma 'yar tsana, da takalmin yayi, da rigar 'yan ƙwallo, ko miliyan nawa ake so sai a yi. Ta uku, in ba wanda zai gan ni da abin nan, zan so shi har yanzu? In amsar a'a ce, to, idon mutane zan saya da guzurin da iyayena suka sha rana kafin su samo.

Ga shugabannin kasuwa da masu unguwanni kuma ina roƙo su sa ido a kan masu kulle abinci lokacin wahala. Manomanmu su ma su haɗa kai su yi ɗakin ajiya na ƙungiya, yadda ba dole ne kowa ya zubar da amfaninsa a kasuwa rana ɗaya ba. Mu kuwa da muke karatu, cikinmu akwai 'yan kasuwar gobe da ma'aikatan banki da masu gidajen mai. Ranar da kaya suka zo hannunmu jama'a na layi, mu tuna yadda muka ji sa'ad da mu ne a kan layin.

Ita dai 'yar gwaggon tawa, da ta dawo a hutun da ya biyo baya, ba Labubu a jakarta. Na tambaye ta, ta ce ai ta ba ƙanwarta tana goyo, wani abin ake yayi yanzu.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa shugabanninmu da 'yan kasuwarmu tausayin talakawa, amin.